Metir Goma Sha Bakwai Zuwa Arewa

Jiya da la'asar ina shagona na sibar, inda ake biya a shiga intanet, na danna in sauke wani kayan aiki daga intanet. Na miƙe in jiƙa tawul in ɗora a ka, kafin in dawo abin ya sauka. Dukansa. Ko tari bai yi ba. Na tsaya ina kallon ekran, raina ya ɓaci kamar an zubar mani da kunun buɗa-baki. Maƙwabcina mai gyaran moto ya leƙo ya ce, "Sani Sibar, wa ya mutu?" Na ce babu wanda ya mutu, wani ɗan iska ne ya iso bayan an watse. Don wannan kayan aikin, shi ɗin dai, shi ya ƙi sauka a azumin da ya zo shekara guda bayan rufe ramin uraniyom na Akokan. Shi ya ja aka zagi kawuna a ƙofar gidansa, ni kuma na ci Sallah a ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya.

Masu cewa azumin bana da wuya, don Allah ku yi mana shiru. Wannan azumi ne? Har wani na gani da riga biyu da safe. Waccan shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Rana tana fitowa ba ta gaida kowa. Ƙarfe tara ƙadangaru sun fara ɗaga ƙafa suna neman takalmi. Ƙarfe goma sha biyu ƙuda ya daina tashi, da ƙafa yake zuwa inda za shi. Ruwan pompo kuwa, ranar da ya ga dama ya zo, ganyen shayi kawai za ka zuba masa. Kuma ba kullum yake zuwa ba. Tunda aka rufe rami, ruwa da kuran, wato wutar lantarki, suka koma kamar surukai, sai sun so suke leƙo mu.

A gidan Kawu Isufu nake, Allah ya jiƙansa, wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina lakwal. Unguwarmu ta ma'aikata ce, kuma a lokacin tana zubewa kamar haƙoran tsoho. Yau kamyo ya kwashe kayan wani zuwa Maraɗi, gobe na wani zuwa Damagaram. Gidan da aka bari, kafin sati an cire ƙofa da taga. Matarsa, Inna Hajo, ita ke riƙe da ranar tun daga farkonta. Da safe mu jera bido a bakin pompo, bido ya riƙe maka layi, kai ka koma inuwa kana hararar bidon maƙwabci kar ya yi tafiya da kansa. Da azahar ta jiƙa buhu ta rataya a taga, iska ta bi ta ciki ta ɗan yi hankali. Da la'asar kunun tsamiya da ƙosai. Ƙanƙara sai an je Arlit a moto, ka sayo kamar kan rago, ka iso gida da ita kamar goro. In rana ta yi ja, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, tsofaffin 'yan rami su taru, kowa da tarinsa. Wallahi ko ido a rufe ina gane kowa da tari. Na Kawu ya fi na kowa zurfi, kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe.

Kawu jometir ne, ma'aunin ƙarƙashin ƙasa. Shekara ashirin da takwas. Aikinsa shi ne in ana son hanyoyi biyu su haɗu a cikin dutse, inda babu rana babu tauraro, shi ke cewa ku nufi nan, metir kaza za ku fasa. Ana kiran wannan ba da layi. Kuma suna da al'ada, ba dokar kamfani ba ce, tasu ce: ranar fasawa, wanda ya ba da layi shi ke tsayawa a gaban dutsen tare da masu haƙa, kuma hannunsa ke fara shiga ramin. In iska ce a baya, shi zai fara sha. In bala'i ne, shi zai fara gani. Kawu bai taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya. Bai da gona, bai da mota, ƙirjinsa ma rabi ya rage. Sunan nan shi ne dukiyarsa. Da aka sallame su an ba shi takardar yabo da hula. Shi kuwa ya ɗauko littafin awonsa da wani ɗan program da ya rubuta da hannunsa tun zamanin disket, wanda ke yi masa lissafin layi.

Ran uku ga azumi Hamidu ya zo. Ba'adare ne daga Tawa, da can yana haƙa a ƙarƙashin Kawu, yanzu yana da raminsa na zinariya a Cibarakaten. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya zauna bakin tabarma.

"Jometir, iska muka nema. Mun bi jijiyar zinariya ƙasa, ta yi ta lanƙwasa kamar maciji, yanzu ko ashana ba ta kamawa inda munka kai. Mun gina wata rijiya don iska, amma mun rasa ina za mu nuhwa mu same ta. Ka taho ka ba mu layi."

Inna Hajo ta amsa daga cikin gida tun kafin Kawu ya buɗe baki. "Kwana biyu a bayan mota da wannan ƙirjin? Hamidu, in gawa kake so ka faɗa."

Nan ne bakina, wanda bai taɓa barina na zauna lafiya ba, ya buɗe da kansa. Na ce, "Kawu, kai ka zauna, program ɗinka ya yi tafiyar. Zan sa shi cikin portabul. Su auna kowace kwana da busol mai nuna arewa da tef, su zuba lambobin, waya ta ba su layi. Aikin yini ɗaya ne, har in yi barcin rana."

Hamidu ya dube ni. "Wanga mai surutun?"

Kawu ya ce, "Yana da surutu, amma ya san na'ura."

Bari in gaya muku yadda abin yake. Program ɗin da harshen C aka rubuta shi, waya kuwa ba ta cin C haka nan, sai an niƙa. Wayoyin 'yan zinariya kuma kowacce da ubanta: wata daga Libiya, wata daga Aljeriya, wata ko suna ba ta da shi, kuma duk an cika su da bidiyon kokawa, babu wurin ajiye ko allura. Abu ɗaya suka haɗa: nabigatar, wato abin da kake buɗe shafin intanet da shi. To dabarar ita ce a zuba program a injin niƙa, kompilatar, ya fitar da garin da nabigatar ke iya ci, sunansa WebAssembly. A ajiye shafin a waya, ya yi aiki ko babu rezo, wato ko intanet ya ɗauke. Magana mai daɗi.

Washegari na zuba, na danna. Sai jan rubutu, layi huɗu. Sinus: babu. Kosinus: babu. Wata mai ɗaga lamba: babu. Wata kuma sunanta atan2: babu.

Na ce to, ƙila yunwa ce. Na wanke fuska na sake dannawa. Babu, babu, babu, babu.

Jama'a, ku taya ni ji. Wa ke ƙera injin da zai yi lissafi ya bar sinus a waje? Sinus fa! Abin da muka sha bulala a kansa a kolej! Rasin kare kawai, mai fitar da tushen lamba, suka bari a ciki, kamar masu kwashe gidajen unguwarmu da ke tafiya da ƙofa da taga su bar maka ƙusa. Na bincika, sai na ga masu abin suna cewa, cikin kwanciyar hankali, wai ai ba matsala, ka sauko da babban ƙunshin kayan aikin, akwai ɗakin lissafi duka a ciki. Ka sauko da shi! Mutum yana zaune cikin sanyin klim da kofin kafe, intanet na zubo masa kamar ruwan Agusta, yana gaya wa ɗan Akokan ya sauko da abin da ya fi raƙumi nauyi ta igiyar da ba ta iya ɗaukar gaisuwa.

Na gwada. Ranar farko ya kusa kaiwa, kuran ya ɗauke. Rana ta biyu rezo ya tafi bai yi sallama ba, abin ya koma sifiri. Rana ta uku na hau rufin shago da waya a hannu kamar mai neman wata, tana ja tana ja, sai ta yi zafi ta suma. Na sa ta kan tulu ina yi mata fifita. Ni da nake azumi ban samu fifita ba, waya ta samu.

Hamidu kuma kullum yana ƙofar shago. "Kai mai yini ɗaya, yau yini nawa? Mutanena na can suna shaƙar numfashin junansu." Motar da za ta mayar da shi za ta tashi washegari da safe.

Sai na ci karo da wani bawan Allah a wani dandali yana cewa ba sai ka sauko da komai ba, nabigatar da kansa yana da waɗannan lissafin, ka ara daga wurinsa. Ya jera sunaye. Na ɗaura sinus, ja ɗaya ya tafi. Kosinus, ya tafi. Mai ɗaga lamba, ya tafi. Saura atan2, ba ta cikin jerin mutumin. Akwai dai 'yar'uwarta, atan. Daga baya na gano ita ma atan2 ɗin tana nan zaune a cikin nabigatar, ni ne ban ƙwanƙwasa ba. Amma a lokacin ƙarfe biyar ne na yamma, harshena kamar tsohon takalmi, ƙamshin ƙosan Inna Hajo yana tsallako katanga yana marina. Na ce ai abu ɗaya ne: raba tazarar gabas da tazarar arewa, ka miƙa wa atan, ta ba ka kwana, wato degre nawa za ka nufa. Na rubuta layi ɗaya tak. Jan rubutu ya ɓace. Na ji kamar ni na ƙera jirgin sama.

Kar ku ce ban gwada ba. Na buɗe littafin Kawu, na ɗauki tsofaffin awo uku na zuba. Uku duka suka fito daidai da rubutun hannunsa. A kan tabarma Kawu ya sa tabarau ya duba, ya ce, "Ka taɓa wani abu a cikinsa?"

Na ce, "Ko ɗigo ban taɓa ba."

Kuma ban taɓa cikin ba. A bakin ƙofa na yi ɓarnata. Da safe na zuba shafin a wayar Hamidu, ya hau mota.

Bayan kwana uku saƙon murya ya shigo daga Cibarakaten, inda ake sayar da wifi kamar ruwan leda. Hamidu ne. "Jometir, mun auna, mun zuba. Ta ce degre talatin da biyu, metir sha ɗaya. Wato arewa ke nan. Ni kau jikina na ce mani kudu."

Kawu ya karɓi wayar, ya riƙe ta nesa da baki kamar za ta cije shi. "Hamidu, jikinka ya taɓa ba da layi? In program ɗina ne ya faɗa, ka haƙa."

Suka haƙa. Mu muna nan muna jera bido, su suna can suna cin dutse da azumi a baki. Kullum da yamma tsofaffi su tambaya, Kawu ya ce saura kaza. Ranar da aka kai sha ɗaya ya sa farar riga ya zauna da waya a cinya. Saƙo ya zo: dutse. Ya ce a ƙara ɗaya, tef na iya yin ƙarya. Sha huɗu: dutse. Kawu ya daina cin ƙosai. Ni kuma na fara zargin aikina, amma duk lokacin da na tuna layin nan ɗaya sai in ce ai na gwada sau uku. A sha bakwai saƙo ya daina zuwa.

Ran ashirin ga wata, rana ta yi ja, tabarma ta cika, kofuna a jere, sai ga mota ta tsaya da ƙura. Hamidu ya diro. Bai durƙusa ba, bai yi sallama ba.

"Metir sha bakwai, Jometir! Sha bakwai cikin dutsen da ke cin bakin ƙarhe! Ƙanena Laminu da igiya munka jawo shi, ido ya juye, sai da munka ɗura mai ruwa da rana tsaka. Azuminai ya tahi, ran nai ya kusa bi. Na ce maka kudu, ka ce jikina bai ba da layi. Tsuhwa ya ci ka! Ƙurar rami ta cika maka kai, ka zamna nan kana wasa da rayukan mutane!"

Daidai nan aka kira salla. Ban taɓa ganin haka ba: mutum goma sha wani abu, kowa maƙogwaro a bushe, ruwa a gabansu, babu wanda ya miƙa hannu. Wani tsoho ya sunkuyar da kai. Wani ya ce a hankali, "Shekaru ai ba wasa ba." Wannan ta fi zagin Hamidu ciwo, don da tausayi ya faɗe ta.

Kawu ya ɗauki dabino ɗaya, ya yi bismilla, ya ci. Ya ce, "Ku sha ruwa. Hamidu, kai ma. In mun yi salla ka ba ni takardar awon."

Bayan magariba ya sa aka kawo masa tsohon kalkilatarsa da fensir. Yana yi yana tari, yana yi yana tari. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Ɗari biyu da sha biyu. Kudu maso yamma, metir sha ɗaya. Ya ce in zuba lambobin a waya. Na zuba. Talatin da biyu. Ya cire tabarau ya dube ni.

To ni ma sai na buɗe wuta, don mai laifi ya fi kowa murya. Na zagi masu kompilatar, na zagi klim ɗinsu, na zagi rezo, na zagi kuran, na zagi mutumin dandali da jerinsa mai giɓi. Na ce su suka sayar da mota babu sitiyari. Na ba da labarin rufin shago da wayar da ta suma. Sai can ƙarshe, da ƙaramar murya, na faɗi layin nan ɗaya.

Kawu ya ce, "Da ka zuba program ɗin, injin ya gaya maka babu abin?"

"Ya faɗa."

"Da wane irin rubutu?"

"Ja."

"To shi ya ce ba ya da shi. Kai ne ka ce kana da shi."

Ya ɗauki sandarsa ya kwantar a ƙasa tsakanin kofuna. "Tsaya nan. Ina ta nufa?" Na ce arewa maso gabas. "Zagaya can. Yanzu fa?" Na ce kudu maso yamma. "Lissafinka ya san yadda sanda ta kwanta, bai san ina kanta yake ba. Da ka raba lambobin nan biyu ka jefar da alamarsu, kudu da arewa suka zama ɗaya. Don haka aka yi waccan atan2 ɗin da ka raina. Awo ukun da ka gwada kuwa duk na ɓangaren arewa ne, shafin da ka buɗe ke nan. Da ka juya shafi ɗaya, Sani. Shafi ɗaya."

Kawu ya dafa bango zai miƙe. "Da sunana aka haƙa. Hajo, haɗa mani kaya. Ni zan tsaya a gaban dutsen."

Bai gama miƙewa ba tari ya kama shi, ya lanƙwashe kamar an naushe shi. Inna Hajo ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa. Ni take kallo.

Na ce, "Ni na ba da layin. Ni zan tsaya."

Wallahi ban rufe baki ba na fara nadama. Ni da ko rijiyar gida ban taɓa leƙawa ba sai na riƙe wani.

Kafin mu tashi na gyara shafin. Minti biyu, jama'a. Na ƙwanƙwasa, atan2 ta fito, na ɗaura ta. Na gwada gabas, yamma, kudu, arewa, da duk abin da ke tsakani. Duk da haka Kawu ya linke takardarsa ya sa mani a aljihu.

Shofer ɗin, Agali, mutumin Ayar ne, rawani har ido. Kwana biyu muna tafiya cikin ƙasar da ko ƙaya ta ƙi zama. Na ce masa ai matafiyi an yafe masa azumi. Ya ce, "Mota ya sha ruwa, shi ne yana aiki. Kai mene ne ka yi?" Haka na haƙura, ina kallon bido yana rawa a gabana.

Ramin Hamidu baki ne kamar na tulu, zurfinsa metir talatin. Aka ɗaura mani igiya a ƙugu. Wani dogo ramamme ya matso yana dubana sama da ƙasa, leɓensa duk a fashe. "Kai ne Arewa?" Laminu ke nan. Na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Aje haƙurin, ɗauki buhu." Tun daga ranar babu mai kirana Sani a wurin.

Ƙasa kuwa, ban san yadda zan gaya muku ba. Ba zafin rana ba ne, wannan na san shi. Zafi ne mai jiƙa, mai wari, kamar ka shiga bakin wani. Ka ja numfashi, ƙirji ya cika, amma kamar ba ka ja komai ba. Ashana in ka ƙyasta sai ta yi ɗan shuɗi ta mutu. Muka rarrafa muka wuce bakin hanyata, metir sha bakwai na aikin banza, an sassaƙe ta tsaf, kyakkyawa. Kowa ya zo wucewa sai ya ce, "Gaida gidan Arewa." Kullum da safe in sa a janye duk wani ƙarfe, in ɗora busol, in duba waya, in duba takardar Kawu, in shata layi da alli. Sannan in ja buhun tsakuwa kamar kowa. Ba a wuce rabin awa a gaba sai a canja mutum. Da azahar a fito a kwanta ƙarƙashin tanti kamar kifin da aka shanya. Buɗa-baki ruwan bido ne mai ɗanɗanon esansin mota da gari da sukari. Na yi mafarkin ƙosan Inna Hajo ido biyu.

Sallah ta zo muna metir tara. Muka yi idi a kan tsakuwa, Hamidu ya ce ba hutu sai an sha iska, muka koma ciki da rigunanmu na jiya. Washegari da hantsi tef ya nuna sha ɗaya.

Dutse.

Laminu ya juyo da tocilan goshinsa ya haske mani fuska. Hamidu yana bayana, ina jin numfashinsa a wuyana. Na duba waya, na duba takarda, ɗari biyu da sha biyu. A raina na ce shi ke nan, na kashe tsohon sau biyu. Na ce, da muryar da ban san tawa ba ce, "Ku ƙara."

Laminu ya ɗora ƙarfe. Ya buga, ya buga, ya buga. Sai ƙarfen ya tafi gaba da kansa, har ya kusa faɗuwa a kai. Ya zare. Rami kamar bakin kofi. Ya matsa gefe, ya ce, "Arewa, hannunka."

Na zura. Iska ta bi ta tsakanin yatsuna, sanyi kamar an zuba mani ruwan randa. Ta wuce ni ta shiga hanyar, na ji mutane a baya suna ja da ƙarfi, wani yana kabbara, wani yana tari. Sai wani daga can ɓangaren rijiyar ya damƙe hannuna, ya lalube shi, ya yi ihu ta ramin: "Wannan hannun ɗan biro ne! Wa ya kawo shi nan?"

Da muka fito Hamidu ya sayi wifi ya kira Kawu. Yana magana yana neman gafara, yana cewa bakinsa ne ya yi zafi. Kawu ya bari ya gama, sannan ya ce, "Metir nawa?"

"Sha ɗaya da ɗani guda, Jometir."

"Ɗanin nan na tef ɗinku ne. Ku sayi sabo."

Hamidu ɗan halak ne, ya dawo Akokan ya durƙusa a kan tabarmar nan ya janye maganarsa a gaban mutane. Amma wane mutane? Bayan Sallah kamyo ya kwashe rabinsu. Waɗanda suka ji zagi sun tafi Maraɗi da Damagaram da Tawa da labarin cewa Jometir ya tsufa ya juya mutane arewa. Waɗanda suka ji ban haƙuri mutum huɗu ne da akuyar Inna Hajo. Kawu bai taɓa bin kowa da gyara ba, bai kuma sake yi mani maganar ba har ya bar duniya. Ni ne dai na kasa. Har yau in na ga tsohon ɗan rami a tasha, sai na riƙe masa jaka na ba shi labarin daga farko, ko motarsa na hon.

Shi ya sa jiya da abin nan ya sauka kafin in jiƙa tawul, da sinus ɗinsa da kosinus ɗinsa da atan2 ɗinsa duk a ciki suna murmushi, na ji kamar in ɗaga ordinatar in maka da ƙasa. Mai gyaran moto ya ga fuskata ya fara ja da baya. Na ce zauna. Ya ce, "Sani, don Allah, sau tara ka ba ni labarin nan, kuma an kusa kiran salla."

Na jawo masa benci na tare ƙofa da ƙafa. Na ce, "To ka riƙe wannan kawai, ka faɗa wa duk wanda ya tambaye ka. Isufu Jometir bai yi kuskure ba. Metir sha ɗaya ya ce. Ɗanin ma na tef ɗinsu ne."